Ranar da Na Ɗaga Guduma a Kan Hujjar Farfesa

Ko tsufa ya cinye mini ƙwaƙwalwa har na manta sunayen 'ya'yana, ba na jin wata Asabar da na gani a Zuru za ta fita daga raina. Bayan la'asar ne, ƙarshen damina, a gindin mangwaron da muke majalisa a unguwarmu. Shekaru sun ja, amma har yau ba na iya ba da labarin nan ina dariya.

Lokacin ban daɗe da gama karatu ba, ina koyar da kimiyya a wata sakandare, kuma in faɗi gaskiya kaina ya kumbura. Duk abin da ka faɗa sai na ce kawo hujja. Ko cewa ka yi hadarin nan zai zubar da ruwa, sai na tambaye ka wa ya gaya maka. 'Yan majalisa suna ce mini Tica, ni kuwa ina jin babu mai ilimi kamata daga nan har Birnin Kebbi.

Akwai wani dattijo maƙwabcinmu, tsohon malamin gona da ya yi ritaya. Farfesa muke ce masa, ba don ya taka jami'a ba, sai don tsokana. Shi aikinsa ɗaya ne, binciken fitilun nan da mutane ke cewa suna gani suna yawo a sama, ba a san na wane ne ba. Ya yi imani jirage ne na wasu halittu daga wata duniya. Sai ya hau tsohon babur ɗinsa ya tafi Dabai, ya tafi Manga, har wajen Sakaba in hanya ta yi lafiya, yana tambayar manoma da makiyaya abin da suka gani, yana rubutawa a littattafan makaranta. Wayarsa cike take da hotuna, amma duk wanda ya nuna maka, ɗigon haske ne kawai a cikin baƙi. In ce masa tauraron ɗan'adam ne, ko jirgi marar matuƙi, ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, ina da abin da ya fi hoto."

Abin da ya fi hoton nan shi ya raba majalisarmu biyu. A cewar Farfesa, wani manomi a bayan duwatsun Dabai ya taɓa jin wani irin fito daga sama, bayan 'yan makonni kuma yana huɗa sai garmarsa ta ci karo da wani ƙarfe. Da yake kowa ya san mai tara kayan sama, sai ya kawo wa Farfesa. Farfesa ya ce akwai rubutu a jikinsa, ba boko ba, ba Larabci ba. Ya kulle shi a ɗaka, ya ce ba zai fito da shi ba sai masana na ƙasashen waje sun amsa wasiƙun da ya tura musu. Kuma ko da wasa soja ba zai gan shi ba, don a faɗarsa ko'ina a duniya sojoji ne ke ƙwace irin wannan su ɓoye. A Zuru fa, inda da wuya ka ƙirga gida uku ba ka samu wanda ya sa kaki ba! A majalisar ma akwai kawuna, ƙanen mahaifiyata, tsohon soja da kowa ke kira Saja. Shi ba ya sa baki. Yana buga dararsa sai dai ya ce, "Ku dai ku yi ta yi."

Telan unguwarmu yana bayan Farfesa. Ya ce shekara da shekaru suna zaune tare, bai taɓa kama shi da ƙarya ba, don me zai fara da furfura? Mahaucinmu ya ce shi bai musa an tsinci wani abu ba, amma kayan aljanu ne, a mayar musu da abinsu tun da arziki. Ni kuwa bakina bai huta ba. Na ce hujjar da ke kulle a akwati ba hujja ba ce, gani ya kori ji. Na ce masanan ma da ba su amsa ba, sun gane shirme ne. Wata rana na ce, "Baba, ko dai murfin tukunyar Mama ka ɓoye mana?" Aka fashe da dariya, daɗin dariyar ya ɗebe ni, sai na ƙara da abin da har yau nake jin kunyarsa. Na ce, "Abu biyu ne, Baba. Ko dai ƙarya ce, ko kuma tsufa ya fara taɓa ka."

Mutumin nan sa'an mahaifina ne, shi ya kai ni asibiti a babur ɗinsa lokacin da na karye ina ƙarami. Ya dube ni ya daɗe. Da kawuna ya tashi ya tafi gida, sai Farfesa ya matso ya ce, "Ran Asabar Saja zai tafi Birnin Kebbi tantancewar 'yan fansho. Ran nan zan kawo shi, ka gani da idonka."

Ranar na zo da shirina, maganaɗisu daga makaranta da gudumar da na ara wurin makanike. Labari ya bazu, mutane sun fi na kullum, har da mata a tsaye daga gefe. Can sai ga Farfesa a babur, ya naɗe abin a tsohon bargo ya ɗaure da roba a baya, yana faɗawa ramukan hanya yana fitowa. Ya sauke shi da hannu biyu, ya ajiye a kan dogon bencinmu, ya zauna a ɗaya ƙarshen, sannan ya warware bargon a hankali.

Ƙarfe ne mai tsawon kamu biyu ko fi, kamar an yanko kan taɓarya, duk tsatsa da busasshiyar laka. Gindinsa ya karye, bakinsa kuma akwai wani ɗan murfi. Rubutun yana nan kuwa, wasu haruffa kamar an juya su baya. Na manna maganaɗisu, ya kama caf. Na ɗaga murya na ce, "Jama'a, kun gani? Ƙarfen duniyar nan ne! Wani ɓangare ne na injin rijiyar burtsatse ko tarakta, rubutun kuma na wata ƙasa ne." Tela ya ce to me ke cikinsa? Na ce yanzu kuwa za mu sani.

Farfesa ya ce, "Ɗana, kada ka ɓata mini shi." Ban ko kalle shi ba. Na hau bencin kamar mai hawan jaki, na juya masa baya, na ja ƙarfen gabana tsakanin gwiwoyina, na danne shi da hannun hagu don kada ya gangara. Masu waya suka matso suna ɗauka, wasu na cewa, "Buga, Tica, buga!" Na ɗan ƙwanƙwasa murfin sau ɗaya, tsatsa ta zubo. Sannan na ɗaga gudumar sama sosai.

Sai na ji an damƙe mini wuyan hannu, damƙar da na ji har ƙashi. Kawuna ne, jakarsa na rataye a kafaɗa. Ashe an ɗage tantancewar, daga tasha yake. Na buɗe baki zan yi magana, sai na ga fuskarsa. Tun da nake ban taɓa ganin tsoro a fuskar mutumin nan ba sai ranar. Ya zare gudumar daga hannuna, ya sunkuyo daidai kunnena ya ce, "Kada ka motsa. Kada ka ɗaga hannun nan na hagu. Ko tari ya zo maka, haɗiye shi." Sannan ya juya ga jama'a ya ce, "Kowa ya ja baya a hankali, ban da gudu. Wanga abu bam ne, bai tashi ba."

Wa zai ji ban da gudu? Wuri ya kece. Wannan na salati, wancan na kiran Yesu, takalma da wayoyi a zube a ƙasa. A cikin rububin nan na ji bencin ya fara rinjayowa ta gabana. Bencin namu ƙafarsa ɗaya gajera ce, in na wancan ƙarshen ya tashi sai ya karkata. Farfesa ne ya yunƙura zai gudu kamar kowa. Na ji ƙarfen ya motsa a ƙarƙashin tafina, wallahi na ji shi ya motsa. Sai kuma bencin ya koma daidai. Dattijon ya gane abin da tashinsa zai jawo, ya koma ya zauna.

Kawu ya ce masa, "Haka nan, zauna yadda kake." Farfesa ya ce, "Ba inda za ni, Saja. Ni na kawo shi."

Akwai tulin yashi a ƙofar wani gida da ake gini. Kawu ya tuɓe rigarsa ya riƙa ɗebowa a ciki, yana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Ya fara cusa duwatsu a ƙarƙashin gajeriyar ƙafar, sannan ya dinga zuba yashin a gefe da gefen ƙarfen da tafin hannu, kaɗan kaɗan. An ce duka abin bai wuce minti ashirin ba. Ni dai ban yarda ba. Hannuna ya mutu, cinyata ta dama ta kama rawa, ina roƙonta a zuci ta tsaya ta ƙi. Ƙuda ya sauka a leɓena yana yawo, ban isa in kore shi ba. Daga nesa ina jin muryar mahaifiyata tana kiran sunana, ana rirriƙe ta. Na nemi addu'a da Turancin da nake taƙama da shi na rasa, sai ga ta tana fitowa da yarenmu na gida, irin wadda kakata ta koya mini. Ba zan ɓoye muku ba, fitsari ya zubo mini a wando, ina ji yana bin ƙafata, ban ko ji kunya ba. Tsoron mutuwa ya fi ƙarfin kunya.

Ta bayana na ji Farfesa yana magana ƙasa ƙasa, kamar da kansa yake. Ya ce, "Wata biyar yana ƙarƙashin gadona. Jikokina a kan gadon nan suke tsalle." Sannan ya ce, "Ɗana, ka yafe mini." Ina so in ce ni ne zan roƙe shi, amma ina tsoron ko buɗe baki zai girgiza hannuna. Hawaye kawai na bari suka zubo.

Da yashin ya riƙe ƙarfen ta kowane gefe, Kawu ya durƙusa a gabana ya ce, "Dube ni, kada ka dubi abin. Ɗaga yatsa ɗaya. Madalla. Saura na biye." Haka muka bi su har biyar. Ƙarfen bai motsa ba. Ya sa na zame da baya, ya tallafe ni na sauke ƙafa, sannan ya ce wa Farfesa ya tashi. Ya kama hannuwanmu, ni a dama dattijon a hagu, muka taka har bayan masallacin unguwa ba wanda ya waiwaya. A nan na zube. Kawu ya ɗago ni ya zabga mini marin da sai da na ga wuta, sannan shi ma ya zauna a ƙasa. Ya ce, "Na taɓa tattara abokina a buhu saboda irin wanga abu. Mi zan ce wa uwarka?"

Jami'an tsaro suka zo suka kewaye wurin, aka kwashe mutanen gidajen kusa. Washegari masu kwance bam suka ɗauke shi zuwa daji nesa da gari suka tayar da shi. Muna tsakar gida muka ji ƙarar, sai da kwanon rufinmu ya amsa. Mahaifiyata ta dube ni ta shige ɗaki. Daga ina ya fito, wa ya harba shi, yaushe, har yau ba wanda ya gaya mana. Farfesa kuwa an riƙe shi kwana biyu ana yi masa tambayoyi, sannan aka sallame shi.

Da ƙura ta lafa, wasu suka fara ce mini, "Tica, ashe kai ke da gaskiya, ba na wata duniya ba ne." Abin kunya, maganar ta ɗan yi mini daɗi. Da wannan guntun daɗin na tafi gaishe da Farfesa. Na same shi a zaure ya rame, littattafansa a ɗaure a gefe. Na durƙusa na ba shi haƙuri kan maganar da na faɗa masa a gaban mutane. Ya ce ya wuce. Sai ya ce, "Na yi kuskure, ɗana, na yarda. Da na nuna wa Saja tun ranar farko, da duk haka ba ta faru ba. Amma kai ma injin burtsatse ka ce. Ni ban san shi ba, kai ba ka san shi ba. Ni da ban sani ba, bargo na naɗe shi. Kai da ba ka sani ba, guduma ka ɗauko."

Ba ƙarya ya yi ba. Wata da watanni ina ganin shi ne jahili ni ne mai ilimi, alhali dukanmu a duhu muke, kuma nawa duhun ne ya kusa kashe mutum sama da talatin. Har yanzu ina neman hujja in an faɗi magana, ban daina ba, ban kuma yarda da jiragen wata duniya ba. Amma ranar ta koya mini cewa gane kuskuren wani ba shi ne sanin gaskiya ba. In abu ya fi ƙarfin sanina yanzu, ina cewa ban sani ba, in ja hannuna baya, in nemo wanda ya sani.