Tabaraun Telo Alƙalin Wasa

A unguwarsu da ke gefen gonakin rake a San Pedro, kowa ya san Eleuterio Peguero, wanda ake kira Telo. Aski ne sana'arsa, amma ranar Lahadi in an taso daga coci, sai ya rufe shago ya nufi filin besbol, wasan da ake jefa ƙwallo ana bugunta da gora. Da ƙuruciya ya so ya zama mai jifa, hannu ya ƙi ba shi haɗin kai. Muryarsa kuwa har bakin kasuwa ake jin ta, don haka aka ba shi alƙalanci.

Aikinsa shi ne ya duƙa bayan mai caɓe ƙwallo yana auna kowace jifa. In ta bi ta saitin faranti, wato alamar da ke ƙasa gaban mai gora, tsakanin gwiwar mai gora da ƙirjinsa, ya ce ta shiga. Uku irin wannan in ba a buga ba, mai gora ya koma benci. In ta kauce har sau huɗu, mai gora ya taka zuwa zango na farko kyauta. Telo ya sha zagi a kan wannan, bai taɓa kai shi zuci ba.

Wata Lahadi ɗansa Nicanor ne ke jifa a wasan ƙarshe na kofin unguwanni. An yi kunnen doki, zangunan duk da mutane, uku sun kauce, biyu sun shiga. Nicanor ya sako jifar da ta rage, ta wuce dab da gefen faranti. Telo ya ce ta kauce. Mai gora ya taka, na zango na uku ya ƙaraso faranti ya ci maki, kofi ya tafi wata unguwa.

Cikin masu ihu, muryar matarsa Casilda ta fi ta kowa. A gida ta dire masa shinkafa da wake ba nama.

"Makaho ma ya ga ƙwallon nan ta shiga, Baban Nicanor," in ji ta.

Ya rantse idonsa garau. Ta ce to likita ya raba gardama, washegari ta tasa shi gaba zuwa asibitin ido. Likita ya nuna masa haruffa a bango, Telo ya karanta manyan, ya fara kame-kame a ƙananan. Aka yanka masa tabarau. Kafin su iso gida Casilda ta gama sanar da unguwa.

Nicanor ne ya same shi a shago ya ce, "Baba, ni fa na san ta kauce tun tana barin hannuna. Amma kada ka gaya wa Mama."

Bai gaya mata ba. Ya ci gaba da alƙalanci da tabaraunsa, sai ma ya ƙara tsanani, har masu jifa suka koma roƙon Casilda ta ɓoye tabaraun ranar Lahadi. Nicanor kuwa dole ya gyara saiti, shekarar da ta biyo baya suka ɗauki kofin, Telo na duƙe a bayan faranti yana ƙoƙarin ɓoye murmushi.