Gangar Roba a Rumfar Mahauta

Gidanmu a Dogarawa gidan makaɗan fawa ne. Ubanmu ya gaji kalangu wurin ubansa, yayana ya gada wurin ubanmu, ni kuwa baki na gada. An gwada ni da kalangu ina yaro, bugu na farko tumakin unguwa suka tsinke igiya, sai ubanmu ya ce in nemi wata hanyar cin abinci. Na zama mai ban dariya a wuraren biki. In an rasa makaɗi nakan riƙe ganga, amma kowa ya san cikon sahu nake.

Yayana shi ne makaɗi. Ranar kasuwa tun da hantsi yake zama bakin rumfar mahauta, kalangu a hammatar hagu, gula a hannun dama. Kowane mahauci yana da takensa, wato kiɗan da ke kiran sunansa. In yaya ya matse tsarkiyar kalangun da damtse muryar kalangu ta hau, in ya saki ta sauko, da haka yake magana. Mace tana daka cikin gida za ta ji ta ce wane ya yi yanka, kuma sa ne, ba akuya ba. Nakan gaya wa baƙi cewa in ya buga taken sarkin fawa, shanu da kansu suke tasowa daga Badaguishiri su miƙa wuya suna ba da haƙurin latti. Ƙarya nake, amma ba mai yawa ba.

A farkon shekarun tasa'in, cikin wata damina, yaya ya miƙe daga alwala ya faɗi. Muka kai shi likita a Konni. Baki ya dawo daidai, ƙafa ta dawo tana ɗan ja, hannun hagu ne bai dawo ba. Yana rataye kamar hannun rigar da aka shanya. Aka yi rubutu, aka yi sassaƙe, aka yi ƙaho. In ka tsunkule shi a wurin sai ya duba kawai, irin duban da ake yi wa abin da ke faruwa a gidan maƙwabci.

Sarkin fawa dattijo ne, sa'an ubanmu. Ya zo gaisuwa, ya daɗe yana zancen ruwa da gero kafin ya faɗi abin da ya kawo shi. Ya ce rumfa ta yi shiru, mahauta suna ƙorafi, kuma akwai wani makaɗi daga Malbaza da ya fara kewaye kasuwa yana gaishe-gaishe. Zai jira zuwa kaka. In yaya ya iya komawa, gurbinsa yana nan. In bai iya ba, dole a ba wani. Gurbin nan tun kakanmu yake hannunmu. Yaya ya ce to, ya gode.

Ina da taubashi, ɗan ƙanwar ubanmu, mai safarar radiyo da batir daga tsallaken iyaka. Shi ya zo wata rana da kwali a kan keke, yana murmushi kamar wanda ya tsinci raƙumi. Ya ce ya samo wa gidan marasa hannu ganga. Na ce ai gara mu, hannu ɗaya muka rasa, su gidansu kai ne babu tun asali. Ya buɗe kwalin. Akwati ne baƙi mai faɗi, da fayafayan roba huɗu a kai, sak tandar masa. A gefe ga maɓallai jere. Ya ce makaɗan birni da shi suke aiki yanzu, ba ya buƙatar rana, ba ya buƙatar matsi, hannu ɗaya ya ishe shi.

Ni na fara gwadawa. Faifan farko ya yi ƙara kamar an harba bindiga cikin rijiya. Na biyu kamar an saki tasa a kan siminti. Na uku kamar an mari cikin jaki. Na huɗu tafi yake yi, tafin mutanen da ba ka gani. Na yi dariya har na kwanta. Yaya yana zaune kan tabarma yana kallo.

Na tura masa akwatin. Ya ɗauki gularsa ya buga a hankali, ƙara ta fito. Ya ɗaga hannu ya buga da ƙarfi, ƙarar nan dai ta fito, ba ta ƙaru ba, ba ta ragu ba. Ya sake. Ya ce fata in ka buge ta ramawa take yi, ka ji ta a tafin hannu, ta bi damtse ta sauka cikin haƙarƙari. Wannan kuwa gula tana taɓa shi ta yi tsalle ta dawo, ƙarar kuma daga can gefe take fitowa, kamar wani ne a bayan danga yake amsa maka.

Ban bari maganar ta zauna ba. Na yi ta murɗa maɓallai har na samu faifai ɗaya mai murya sama, ɗaya mai murya ƙasa. Na ce masa ai kalangu ma sama da ƙasa ne, ga su nan an raba maka, ba sai ka wahalar da hammata ba.

Ya ce, "Auta, tsakanin sama da ƙasa akwai hanya. Cikin hanyar maganar take."

Duk da haka ya koya. Kullum bayan la'asar sai ya zauna a zaure da akwatin a gabansa, yana bin taken mahauta ɗaya bayan ɗaya. Bai yi ƙorafi ba, bai yaba ba. Ni ina gefe ina zuba masa zance, ina cewa in an ji labarinsa har Yamai za a aiko mota a ɗauke shi, ni in bi shi da jakar batir. Ba ya dariya, ba ya cewa in yi shiru. Da ya zage ni ma da na fi jin daɗi. Matarsa ta daina leƙowa. Kalangun yana rataye a bango, fatarsa ta fara saki don ba mai taɓa shi.

Aka yanke gero, ranar kasuwa ta zo. Na sa sabbin batir, taubashi ya ara mana lasifika, muka ɗaura ta a ginshiƙin rumfa. Mahauta suka yi ta kewaye akwatin da wuƙaƙe a hannu kamar suna neman inda za su fara fiɗa. Yaya ya zauna wurin zamansa, na gyara masa hannun hagu a kan cinya, ya buga taken sarkin fawa.

Ƙara kam an yi ta. Ni dai na tabbata har Tsarnawa kaji sun daina ƙwai ranar. Mutane suka taho a guje, amma ba nama suka zo saye ba. Mata suka fito da jarirai a goye, sun ɗauka motar allurar rigakafi ce ta iso. Wata tsohuwa ta tambaye ni ina ake yin layi. Yaya ya wuce zuwa take na biyu, na uku. Wani mahauci mai baki irin nawa ya karkata kunne ya ce, "Wanga taken wa ne? In nawa ne, wallahi ban gane kaina ba." Aka yi dariya. Sarkin fawa bai yi ba, yana wasa wuƙa yana duban ƙasa.

Sai gula ta zame daga kan robar ta daki wani maɓalli a gefe. Akwatin ya kama kiɗa shi kaɗai. Kiɗa sosai, mai sauri, irin na rawar birni, da tafinsa da komai. Ashe yana da kiɗan da aka zuba masa tun daga inda aka ƙera shi, mu ba mu sani ba. Yaya yana zaune, gula a sama, bai buga ba, kiɗa yana ta tafiya. Samari suka fara rawa. Na danna wannan maɓalli, kiɗan ya ƙara sauri. Na danna wancan, ya canza wani. Da ƙyar na kife akwatin na zare batir.

Wurin ya yi tsit, sai ƙudaje. Yaya ya ajiye gula kan tabarma, ya daidaita ta da kyau. Ya dubi sarkin fawa ya ce, "Ranka shi daɗe, a kira na Malbaza."

Sarki ya ce a ƙara mako guda, ai yau rana ta farko ce.

Yaya ya ce, "Ni da wanga abu ciwonmu guda. Ana bugun shi, bai ji ba."

Ya dafa kafaɗata ya miƙe, muka tafi gida. A hanya na buɗe baki zan yi wani barkwanci, ban samu ko ɗaya ba. Ban ji baƙin ciki ba, ban ji kunya ba. Na dai lura rana ta yi zafi, kuma akwatin ya fi nauyi a dawowa.

Akwatin ni ya koma wa. Samarin da suka yi rawa a kasuwa suka yaɗa labari, aka fara nemana biki daga Konni har ƙauyukan Illela. Mutumin da tumaki suka gudu wa, shi ne aka koma kira babban makaɗi. In na gaji sai in danna maɓallin nan, in riƙa kaɗa sanda a iska ina yatsine fuska, ana liƙa mini. Na yi shekaru a haka har robar ta tsage. Ban taɓa jin kiɗan a jikina ba, kuma ba wanda ya taɓa tambayata.

Kasuwar da ta biyo bayan waccan da muka kai akwatin rumfa, na Malbaza ya zauna bakin rumfa. Muna zaure muka jiyo kalangunsa. Yaya ya saurara, ya ce wane ya yi yanka, rago ne. Ya ce hannun mutumin ba laifi, sai dai yana saurin sakin tsarkiya. Sannan ya ce in je in sayo mana hanta. A al'ada makaɗin fawa ba ya sayen nama, rabonsa ake cire masa, don haka ni da furfurata ban san yadda ake taya nama ba. Ya ce ko an ba ni kyauta kada in karɓa. Da na je, mahaucin ya yi ta rantsuwa ba zai karɓi kuɗi ba, na ce saƙo ne aka ba ni. Ya yanka, ya auna, ya naɗe mini a takarda ba tare da ya dube ni ba. Na kawo, aka gasa, muka ci. Yaya ya ce a ƙaro yaji.