Tsuntsayen Yaya Sabi'u da na yanka

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Sabi'u, kuma akwai maganar da ban taɓa faɗa a bainar jama'a ba. Bana na ce gara in faɗa, ko nauyin ya ragu.

Yaya direban babbar mota ne, Kwatano zuwa Malanbil, har ciwon baya ya sauke shi. Mutumin da ya saba da hanya, zaman gida ya ishe shi. Rannan sai ga shi ya dawo daga unguwar Vêdoko, a nan Kwatano, da kwali, ciki da tsuntsaye biyu da ake kira fezan, asalinsu ƙasar Sin. Namijin abin kallo ne, kai ruwan zinare, ƙirji ja wur, wutsiya har tana jan ƙasa. Macen kuwa ruwan ƙasa ce, ba ta da maraba da fakara.

Bai san komai a kansu ba. Ya kafa keji na waya a bayan gidanmu na Zongo, inda ko shanya da ƙyar ake yi. Da farko ya rufa shi da kwano, zafi ya kusa kashe su, ya sauya da ganyen kwakwa. Ya zuba musu yashi na birgima, ya koyi yanka musu ganye. Da macen ta ƙi kwanci, ya kai ƙwan ƙarƙashin kazar gida. Huɗu suka rayu, duka ruwan ƙasa.

Ni kuwa atamfa nake sayarwa a kasuwar Missèbo, kuma ina ji da kaina a sanin launi. Bakina bai bar shi ya huta ba. Kullum sai na ce, "Yaya, an cuce ka, macen nan fakara ce aka haɗa maka da ita, dubi 'ya'yanta." Sai ya yi murmushi ya ce, "Kai dai Habu, bari su shiga shekara ta biyu." Na ɗauka kunya ce ta hana shi yarda an yi masa wayo.

Bai ga shekara ta biyun ba. A gadon asibiti ya riƙe hannuna ya ce tsuntsayen nan amana ce a wuyana. Na ce to, da zuciya ɗaya.

Ranar sadakar arba'in baƙi suka zo daga Paraku da Jugu fiye da yadda muka zata, nama ya gaza. Matarsa, Tanti Rakiya, tana ɗaki tana takaba, ban ko leƙa na tambaye ta ba. Na shiga kejin da wuƙa. A lissafina mai ruwan zinaren shi ne amanar, sauran tarkace ne masu cin hatsi a banza. Na yanka uwar, na yanka 'ya'ya uku. Na huɗun ya tashi ya maƙale a saman keji, ni kuma ina sauri, na ƙyale shi. Har daɗi na ji wai na fitar da gida kunya.

Bayan wata bakwai ko takwas, Tanti ta tare ni zan fita kasuwa. Ta ce, "Habu, zo ka ga abin da yayanka bai gani ba." Na bi ta. Wanda ya tsira ɗin nan ne, jan gashi ya fara keto masa a ƙirji, kansa ya soma yin rawaya. Ashe haka suke, namiji sai ya shekara yana kama da uwarsa kafin adonsa ya fito. Na tsaya riƙe da wayar kejin kamar an dasa ni. Ta juya ta koma ɗaki. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Rashin sani ya fi dare duhu, in ji Hausawa, amma ba zan ɓuya a bayan wannan ba. An gaya mini, sau nawa ma. Raini ne ya toshe mini kunne, don na ɗauka direba ba zai koya wa mai atamfa launi ba.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga yau. Abin da ya koya da wahala, yanzu kowa na ganinsa a wayar hannu kafin shayi ya huce. Benaye sun kewaye gidan har rana ba ta cika sauka a tsakar ba, wannan kam zai ce ya yi wa tsuntsaye daidai. Na je wurin mutumin Vêdoko da ya sayar wa Yaya na sayo mace, na raba mazan biyu, uban da ɗan, da suka fara faɗa, yau kejin ya cika. Mutanen unguwa suna kawo baƙi kallo, suna cewa Habu akwai haƙuri, mahaƙurci mawadaci. Wasu cikinsu sun ci naman nan ba su sani ba. Ina jin da Yaya zai yi dariya har bayansa ya motsa, sannan ya tambaye ni ko na sauya musu ruwa.

To ku sani, haƙurin da kuke yabo nasa ne, ni a makare na tsince shi. Bai bar gida ba, bai bar mota ba, wannan halin ya bari, da matarsa da ta san darajar abin da ya damƙa mini. Tanti Rakiya ba ta taɓa tayar da maganar ba, muna gaisawa lafiya, tana aiko mini da tuwo. Amma har yau, duk ranar da za ta yi tafiya, maƙwabciya take bar wa makullin kejin.

Allah ya jiƙan Yaya Sabi'u, ya sa ya yafe mini.