Ƙiragan da Yayana Ya Sauko da Su daga Mambila

A kan dutsen Mambila aka haife ni, inda gajimare ke saukowa har ƙofar ɗaki da safe. Mutanen Kano in na faɗa musu haka sai su yi dariya, wai ina musu burga. Su yi ta yi. Can saniya ce komai. Ciyawa ba ta bushewa sosai, ƙudan tsando bai hawa, shanu sai su yi ta ƙiba har ka ji kunyar kallon na wani gari. Ana noma masara da dankali da ayaba, an kuma fara gonar shayi a lokacin, amma duk wannan na cin gida ne ko na kamfani. Madara da man shanu ba sa kai ƙasa, hanyar ta fi ƙarfinsu, kafin mota ta gama karkace-karkacen gangaren sun lalace. Abu biyu ke sauka lafiya daga dutsen nan: saniya da ƙafarta, sai ƙirginta in ta mutu.

Ni kiwo bai karɓe ni ba. Na gangaro Kano na sami aiki a wani kamfanin jima a Challawa. Shekara shida ina wanke fata cikin ruwan da ke cin yatsu, kafin a mai da ni mai tantance ƙirgi a bakin sito. A shimfiɗa maka ƙirgi a kan tebur, ka shafa, ka ɗaga wa haske, ka sa alli. Na ɗaya, na biyu, na uku. Wanda ba zai yi takalmi ba sai ka ja masa gicciye a jefa gefe. Warin wurin kuwa, hancina ya daina jinsa tuntuni.

Shekarar da ciwon bushiya ya shiga shanu, ƙiraga suka yi ta zuwa kamar ruwan sama. Mun san dalili, ba ma zancen. Ka sa alli, a ja, a kawo wani.

Wata Talata da hantsi maigadi ya leƙo ya ce ana sallama da ni. Na fita, sai ga yayana tsaye kusa da wata akori-kura, sanye da rigar sanyi cikin zafin Kano. Shi ne babba a gidanmu, shi ya riƙe garken babanmu. Kwana huɗu ya yi a hanya.

"Yaya, kun zo lafiya? Ina shanu?"

Ya nuna bayan motar da haɓa. "Ga su nan."

Bushiyar ce ta shiga garken. Duk wadda ya ga ta kusa mutuwa, sai ya yanka, ya feɗe da kansa, ya shanya a inuwa. Ciwon bai bar masa ko maraƙi ba. Abin da yake so shi ne ƙiragan su saya masa karsana ko da biyu ce, ya sake kafa garke. Ya zo Challawa ne don ya ji ƙanensa ke riƙe da alli.

Aka shimfiɗa na farko. Ina kai hannu na ji abin. Layuka ne na ƙuna, daga wuya har ƙugu, a tsakiyar baya, daidai inda ake yanko fatar takalmi. Lalas. Mu can in saniya ta kwanta ciwo, ƙarfe ake sa wa a wuta a zana mata a jiki don ciwon ya fita. Haka muka tarar ana yi. Yaya kuwa bai yi musu rowar wuta ba.

Na biyu haka. Na uku ya fi muni.

"Haba Yaya! Duk bayan? Ba ku bar ko tafin hannu ba?"

"Ceto nake yi," in ji shi. "Ba takalmi nake tunani ba."

Gaskiya ya faɗa.

Hedimanmu, wani dattijo Kirista daga kudancin Kaduna, yana tsaye a bayana. Mutumin kirki ne, amma bai wasa da aiki. Ya matso ya ce a hankali, "Malam, in ba za ka iya ba, ba ni allin." Na ce a'a. In na sa musu na uku, a ramin jiƙo za su tona kansu, a kore ni, Yaya kuma a kira shi macuci. In kuma gicciye ne, gara hannuna ya ja.

Na yi ta ja. Wallahi ban ji komai ba, kuma wannan ne ke damuna har yau. Na san wasunsu da gashinsu, ga mai farin goshi, ga wadda ta taɓa tunkuyina. Hannuna dai na aikinsa, leburori na jefawa gefe. Yaya bai roƙe ni ba ko sau ɗaya. Yana tsaye riƙe da sandarsa, yana kallon kowanne har ya faɗi a kan tarin.

Can wajen ƙarshe aka shimfiɗa wani jan ƙirgi. Na shafa, sumul. Na ɗaga wa haske, ba ƙuna, ba ko kuskuren wuƙa. Na rubuta na ɗaya kafin ma in yi tunani. Na juyo na ce, "To Alhamdulillahi, wannan ya fita. Ya aka yi ta tsira daga wutar?"

"Taka ce," ya ce. "Cikin jikokin wadda Baba ya ba ka. Ba ka nan, ban sa wa dabbar wani wuta ba izini."

Akawu ya rubuta takardar kuɗin ƙirgi ɗayan, na miƙa masa. Ya ƙi karɓa. Na ce don Allah ku riƙe, ko na mota ne. Ya tura hannuna baya.

"Ban kawo ƙirginka don in ci ba. Na kawo ne ka ga yadda ta ƙare."

Ya sa aka mai da sauran cikin motar, ya ce zai gwada masu ganda a kasuwa. Na raka shi bakin get. Jiniyar cin abinci ba ta yi ba tukuna, don haka na koma tebur, akwai mota biyu suna jira.