Ranar Suna a Gidan Mai Inji

Jiya maƙwabciyata ta haihu, aka aiko mana da kunun kanwa a ɗan kwano. Ina ɗaga murfin, tururin ya bugi fuskata, sai kawai na gan ni a ƙauyenmu da ke kusa da Tsanyawa, ina aji huɗu a firamare, tsugune a bakin murhun kakata. Ban sani ba ko kai ma mai karatu kana da ƙamshin da ke yi maka haka. Ni dai kunun kanwa ba ya tuna min komai sai kakata, da wata waƙa da har yau nake jin kunyar na taɓa rera ta.

Ƙauyenmu ba shi da daji. Gona tana ƙarewa ne inda wata ta fara, layin gamba kawai ke raba su, gero kuma har bakin katangar gida ake shuka shi. Idan ka yi atishawa a gonarka, maƙwabci zai amsa maka daga tasa. A irin wannan wuri magana ba ta ɓuya, waƙa kuwa ta fi magana saurin yawo.

Kakata ta wajen uba, wadda yaro da babba ke kira Iya, ita ce ungozomar garin. Tana da wani tsohon gwangwanin madara da take ajiye reza da zare, ba mai taɓa shi. Gajeriya ce, muryarta ta fi jikinta girma. Takan ce duk mai gemun da ke garin nan ita ta fara ganinsa ba wando, don haka kada wanda ya yi mata taƙama. Ni kuwa ban ɗauko ta ba ko kaɗan. Zangona na farko a makaranta malaminmu ya aika gida a tambaya ko ina jin magana, saboda bai taɓa jin muryata ba. Ido kawai nake da shi. Nakan lura da wanda ya sauya silifa, da akuyar da ta fara ɗingishi, amma ban cika faɗa wa kowa ba.

Ƙawa ɗaya gare ni, abokiyar bencina. Fara ce, doguwa, gashinta mai laushi har kitso ba ya daɗewa a kanta. Da hagu take rubutu, kullum gwiwar hannunta tana bugun tawa. Ita ke magana a madadinmu mu biyu. Idan malami ya tambaye ni, sai na raɗa mata amsa ta faɗa da ƙarfi, ta ƙara da cewa, "Ita ta faɗa min, Malam." Babanta shi ne kansilan mazaɓarmu.

Kansila mutum ne siriri mai sanyin magana, yana da tsohon babur mai madubi ɗaya. Iyayensa Buzaye ne. Sun gangaro daga arewa a wata shekarar yunwa, da jakuna ɗauke da kanwa, matar da tsohon ciki, suka sauka a garinmu ba su sake tashi ba. A nan aka haife shi, a nan ya yi kiwo da noma da makarantar allo. Ban taɓa jin wani ya tayar da zancen asalinsa ba sai shekarar da ya nemi zagaye na biyu.

Ba wai ba shi da laifi ba ne. Shi ya sa aka rufa wa ajinmu kwano, muka daina tattare littattafai idan hadari ya taso. Amma rijiyar burtsatsen bakin masallaci ta lalace tun bazara, ya yi ta cewa gobe, jibi, mata suna ta zuwa rijiyar bayan gari. Wanda ya fito neman kujerar tare da shi shi ne Alhaji mai injin niƙa, mutum mai ƙiba da fara'a, wanda kullum girarsa take yin fari da gari. Da a kan burtsatse aka tsaya, da ba ni da labarin da zan ba ka. Sai samarin da ke bin Mai Inji suka ga akwai hanya mafi sauƙi.

Lokacin cirar gyaɗa ne, gari duk ƙamshin ɗanyar harawa. Wata safiya muka tarar an bi hotunan Kansila da ke manne a bango an zana masa raƙumi da gawayi. Aka fara cewa hancinsa ba na nan ba ne, fatarsa ba ta nan ba ce, a nuna kabarin kakansa in yana da shi. Daga nan waƙar ta fito:

Ɗan Buzu, ina raƙumi?
Hau ka koma inda ka fito,
Garin nan da masu shi.

Abin haushin shi ne waƙar tana da daɗin kari. Masu tallan ƙosai suka ɗauka, masu daka suka ɗauka, ta shigo makaranta. Wata rana a lokacin tara 'yan ajinmu suka yi da'ira suna tafawa, ƙawata tana zaune a gindin darbejiya tana cin gyaɗa kamar ba ta ji. Wata ta zungure ni ta ce, "Ke ba ki iya ba ne, ko ke ma Buzuwa ce?" Na ji duk idanu a kaina. Ban fitar da murya ba, Allah ya sani, amma leɓena ya motsa. Ina ɗaga kai muka haɗa ido da ƙawata.

Muka koma aji. Jakarta kawai ta ja ta ajiye a tsakaninmu. Ranar gwiwar hannunta ba ta taɓa tawa ba ko sau ɗaya. Washegari ba ta zo ba, haka ma kashegarinsa. Da aka aike ni niƙa na bi ta ƙofar gidansu, na hango mamanta ta wanke kwanukan jerenta duka ta ɗaure a zannuwa, an kuma kwance ragar kaji. A wurin niƙa na ji mata suna cewa Kansila zai janye bayan sallar Juma'a, ya kwashe iyalinsa su koma Kano. Wai ya ce shi zai iya jurewa, amma ba zai bari 'ya'yansa su girma ana nuna musu hanyar arewa ba.

Da yamma ina ɓarar gyaɗa kusa da Iya, hankalina yana can, sai ga karin waƙar yana fita ta hancina ban sani ba. Iya ta ajiye muciya.

"Me kike rerawa, 'yar shiru-shiru?"

Na fashe da kuka na faɗa mata komai, har da jakar da aka ajiye a tsakani, har da kwanukan da aka ɗaure. Ina tsammanin faɗa, amma ba ta yi ba. Ta kalli wuta, sannan ta ce, "Jibi ne sunan gidan Mai Inji, ko?" Ta fi kowa sani, don ita ta karɓi haihuwar, mace aka samu. "Ki wanke atamfarki," ta ce. "Tare za mu."

Safiyar sunan rana ta ɗan ɗaga, raɓa ba ta gama bushewa ba. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, maza sun cika, ana zagayawa da goro da alawa, rago yana ɗaure a jikin turke. A garinmu ko kuna gaba da mutum ba ka ƙin zuwa sunan ɗansa, don haka Kansila ya zo, ya zauna can ƙarshen tabarma, ya ajiye hularsa a gwiwa. Ina leƙe ta zaure na ga samari a bayansa sun fara yin fito da baki, suna bin karin waƙar a hankali. Na ga kunnensa ya yi ja. Bai waiwaya ba.

Mata ba sa fitowa wurin raɗin suna. Amma Liman yana gyara murya sai ga Iya ta fito, ludayin kunu a hannu ɗaya, ni a ɗaya.

"Malam, a dakata min kaɗan."

"Iya, lafiya?" in ji Mai Inji, yana dariya.

"Lafiya lau. Waƙa na ji ana yi da fito, na ce bari a ji ta da baki." Ta turo ni gaba. "Faɗa musu abin da kuke rerawa a makaranta."

Ban taɓa tsayawa gaban mutane masu yawa haka ba. Na kafa idona a kan wani tururuwa da ke jan ɓawon goro, na faɗi baitin nan uku. Ban rera ba, faɗa na yi. Da babu kiɗa babu tafi, a bakin yarinya, sai maganar ta fito da muninta. Wurin ya yi tsit, har ana jin rago yana tuƙa.

Iya ta nuna wani dattijo da ludayi. "Kai, kakanka daga Barno ya zo da tallan allura." Ta juya. "Kai kuma mai fito, naka daga ƙasar Katsina ya gudo, kada ka sa na faɗi dalili." Aka fara dariya ƙasa-ƙasa. "Ni da kuke gani uwata Bamagujiya ce daga wajen Kunci, 'yan'uwanta suna can suna zuwa coci, muna gaisawa. Sai ku haɗa ni da shi ku kora. Kunun da ake dama wa matanku in sun haihu, kanwar daga ina take zuwa? A gonarku take tsirowa?"

"Iya, siyasa ce kawai," in ji Mai Inji. "Yara ne."

"Zo nan, ɗan nan." Ya taso da babbar rigarsa, ya rusuna a gabanta. "Ranar da na yanke maka cibi, uwarka zazzaɓi ya kwantar da ita, wata biyu ba ta san inda take ba, babu ɗigon nono. Kana ta tsala ihu kamar ɗan akuya. Ka san inda na kai ka?"

Ya girgiza kai.

"Bukkar Buzuwar nan, uwar Kansila, na kai ka. Tana da ɗan kwana goma sha biyu a hannu. Ta ɗora shi a dama, ta ɗora ka a hagu, kuma wallahi ka fi shi ci. Dubi jikinka, dubi nasa."

Dariya ta ɓarke har cikin gida, don mata duk sun taru a zaure. Iya ta ce marigayiya Buzuwar ce ta roƙe ta kada ta faɗa, don ba ta so a ce tana gori. Wani tsoho, ƙanin mahaifin Mai Inji, ya ɗaga sandarsa ya ce, "Haka aka yi. Ni na riƙa kai mata gero."

Liman ya shafa gemu. "To ai in haka ne, a shari'a wa da ƙane ne."

"Kwana goma sha biyu ya ba ka," in ji Iya. "Je ka gai da yayanka."

Mai Inji ya miƙe. Na lura hannunsa yana murza bakin rigarsa. Sannan ya taka har ƙarshen tabarma, ya durƙusa, ya ce, "Yaya, ina kwana." Kansila ya kama hannunsa da hannu biyu.

"Ku ji ni da kyau," Iya ta ƙara. "Ban ce ku zaɓe shi ba. In kuna son zaginsa, ga burtsatse can ta mutu tun bazara. Ku yi masa waƙa a kanta, ni zan yi muku amshi."

A nan Kansila ya yi dariya, karo na farko a makonni. Mai Inji ya koma ya sunkuya a kunnen Liman ya daɗe yana raɗa. Da aka sanar da sunan jaririya, ba wanda aka shirya ba ne. Sunan Buzuwar da ta shayar da shi ne. Maijego ta ɗan yi ƙorafi daga ɗaki, wai ba a shawarce ta ba, Iya ta cika mata kwano da kunu ta ce ta sha ta yi shiru.

Juma'a ta zo ta wuce, Kansila bai janye ba. An kwance kwanuka an mayar da su jere. Ranar Litinin ƙawata ta dawo, ta zauna, ta ajiye jakar a tsakaninmu. Na ɗora mata soyayyiyar gyaɗa a kai. Ta kalle ta, sannan ta ce, "An ce kin yi magana gaban maza. Ashe kina da murya." Ta sauke jakar ƙasa. Kafin a tashi gwiwarta ta buge ni har na ɓata rubutu, ban taɓa jin daɗin ɓata rubutu irin na ranar ba.

An yi zaɓe, Kansila ya ci da ƙyar. A zagaye na gaba Mai Inji ya kayar da shi, a kan burtsatse da taki, ba wanda ya ambaci raƙumi. Iya ba ta taɓa faɗa mana wanda ta dangwala wa ba. Abin da na sani, duk wanda ya ci, washegari tana ƙofar gidansa da tulu a ka, tana tambayarsa labarin burtsatse.

Yau Iya ta daɗe da rasuwa, mata a asibiti suke haihuwa, kuma na gode Allah da hakan. Sai dai babu sauran mai riƙe da labarin wa ya sha nonon wa. Waƙar ma ta bar bakin yara ta koma waya. Duk lokacin zaɓe sai an turo min saƙon murya a kan wani shugaba, wai uwarsa ba 'yar nan ba ce, wai dubi launinsa, dubi hancinsa. Har yanzu ni mai kunya ce, yatsana yakan motsa a kan wayar kamar yadda leɓena ya taɓa yi. Amma ba na turawa gaba. Nakan rubuta layi ɗaya na mayar wa wanda ya turo: to, ina labarin burtsatse?

Kunun jiya ya ɗan yi kanwa da yawa. Na shanye shi tas.