Wurin da Nake Faɗuwa

Shekara goma sha ɗaya na yi ina mutuwa duk Juma'ar farkon wata, bayan la'asar, a wata istiraha da ke bayan gari. Istiraha dai fili ne da katanga, da ɗaki ɗaya mai na'urar sanyi, da famfo, ana hayarsa don hutu. Mu yaƙi muke zuwa yi.

Mu goma sha huɗu ne, duk 'yan Nakkasa ta nan Makka tun kafin a rushe mana unguwa. Kakanninmu tare suka baro ƙasar Hausa bayan yaƙin ƙarshe da Nasara, suka yi ta tafiya gabas a ƙafa har waɗanda ke da sauran kwana suka iso Makka. Muna yara tsofaffi suna ba mu labarin a bakin ƙofa. Da tsofaffin suka ƙare, 'ya'yanmu kuma ko gaisuwa ba sa iya kai wa ƙarshe da Hausa, sai muka ce mu riƙa yin yaƙin nan da jikinmu, kar ya bi su kabari.

Ni ban yi nisa a karatu ba, aji huɗu na tsaya. Gyaran kujeru nake yi a unguwar Zahir. Don haka ni na ɗinka rigunan yaƙin da ragowar soso da yadin kujera, ni na yanka garkuwoyi. Takubba na katako ne, don ba mai son magana da 'yan sanda. Tuta fara ce sol, ba mu rubuta komai a kai ba saboda tana taɓa ƙasa. Nasara kuwa ba wanda ya yarda ya zama su, sai muka jera jarkokin ruwa muka ɗora musu jajayen huluna. Tsohon mai gadin wurin shi ne bindiga: ya tsaya bayan jarkoki yana dukan durom da rodi.

Ƙa'ida ɗaya ce, tun ranar farko muka yi ta da Fatiha: kowa ya tsaya inda kakansa ya tsaya, ya yi abin da ya yi. Ba ƙari. To a cikinmu ni kaɗai ne nawa ya mutu a filin. Kakan babana dakare ne mai baka, a gindin tuta aka harbe shi, matarsa ta goyo kakana yana jariri ta bi ayari. Sauran duk nasu sun tsira, su ne ma suka ja ayarin. Saboda haka da mai gadi ya fara dukan durom, in harba kibiya biyu, in faɗi. Su kuma su ɗauki tuta su fara hijira: su zaga filin sau uku, kusurwar can Barno ce, waccan Sudan inda suke zama su dafa shayi don kakanni sun daɗe suna noma a can, famfo shi ne teku, ƙofar ɗaki Makka. Kusan awa guda ina kwance. Tsakuwar garin nan ko bayan la'asar ba ta hucewa. Har yanzu akwai tabo a kafaɗata.

Ban taɓa ƙorafi ba, kuma zan faɗi dalili ba kunya. A cikin gari su ne mutane. Yawancinsu suna da jinsiyya, sun zama 'yan ƙasa, ni iƙama ta zaman baƙo nake sabuntawa kamar wanda ya sauka jiya. Shugabanmu mai kantunan turare ne a unguwar Shisha, abokina tun muna yawo ba takalmi, amma in na je kantinsa sai ya gama da kowa kafin ya gan ni. A istiraha kuwa duk zagayen da za su yi sai sun ratse gawata, kai a sunkuye, ba mai magana. Awa ɗaya a wata. Abin da nake da shi ke nan.

Sai aka gayyato mana wani malami ɗan Sakkwato, dattijo, wanda ya zo zurfafa karatu. Ya kalli wasan tun daga farko. Da aka gama ya taho ya ɗaga ni da hannunsa, ya karkaɗe mini riga, ya sumbaci kaina yana hawaye. A wajen shayi ya ce a can gida ana cewa waɗanda suka tsaya a gindin tuta ɗaure ƙafafunsu suka yi da juna, don kada wani ya juya baya. Ya nuna ni ya ce, "Wannan jinin shahidai ne, ku riƙe shi da kyau." Bawan Allah bai nufi sharri ba. Amma na ga fuskar mai turare a lokacin, kofi na hannunsa ya kasa kurɓa.

Kafin wata ya zagayo, shahidai sun fara fitowa. Wannan ya buga wa gwaggonsa waya a Sudan, ashe kakansu na wajen uwa a filin yaƙin ya faɗi. Wancan ya tuna wani ƙanen kaka. Ranar Juma'ar, muna sa riguna, mai turare ya fito da igiya sabuwa a leda.

Na ce, "Alhaji, wannan fa?"

Ya ce, "Ta ɗaure ƙafa. Yau za mu gyara tarihi, ya akhi. Ashe mu ma namu ya faɗi."

Na ce, "Naka? Wanda shekara goma sha ɗaya kake ba mu labarin yadda ya ƙetare kogi da jaki a wuya?"

Aka yi dariya. Ya ce, "Wancan wansa ne."

"To wa ya haifi babanka, wan ko ƙanen?"

"Kai kuma mutuwar gadonka ce kai kaɗai? Filin gidanku ne?"

Na ce, "Gadona ne mana. Ku kun gaji kantuna da takardu, ni ita na gada."

Wani daga baya ya ce, "Khalas, ku bari, rana na tafiya." Aka ƙirga masu faɗuwa, goma sha uku ban da ni. Sai aka ga ba mai kai tuta Makka. Mai turare ya dafa kafaɗata, ya yi murya mai laushi irin ta ciniki, ya ce, "Kai ka daɗe kana shan tsakuwa, yau ka huta. Kai za ka yi hijira." Na duba fuskokin nan da na sani tun muna ɗebo ruwa a kan dutse, ko ɗaya bai ce ƙa'ida fa. Na karɓi tutar.

Mai gadi ya buga durom. Suka zube gaba ɗaya, ƙafafu a ɗaure, wani kan wani, har da mai salati da ƙarfi. Ni kaɗai a tsaye, a wurin da kakan babana bai taɓa tsayawa ba: bayan fili, ina fuskantar gabas.

Na tafi. Amma tafiyar mai goyo na yi, taku ɗaya ɗaya. Na isa Barno na huta. Na isa Sudan na zauna, na kunna risho, na wanke kofi, na jira ruwa ya tafasa. Daga ƙasa mai turare ya ɗaga kai ya ce, "Yalla mana, ya shekh, tsakuwar nan na ƙona mu!"

Na ce, "Gawa ba ta magana, Alhaji."

Ba su kai minti goma ba. Na ji ana kwance igiya, ana tsaki, ana karkaɗe jiki. Ban waiwaya ba. Na sha shayina kofi biyu, na yi zagaye ukun cif, na wanke ƙafa a teku. Da na iso ƙofar ɗaki na tarar shahidai duk sun riga ni zuwa Makka, suna miƙe a gaban na'urar sanyi suna cin dabino. Wani ya ce, "Sannu da hanya," aka fashe da dariya. Na jingine tutar, na tuɓe rigar, na fita na nemi tasi.

Ban sake komawa ba. Ba wanda ya zo ya ce in dawo. Suna nan suna yi, na ji yanzu ƙuri'a suke jefawa don fitar da mai ɗaukar tuta, sauran su faɗi, a ɗauke su hoto da waya, su tashi. Malamin ya gama karatunsa ya koma gida bai san abin da ya bari ba.

Watan jiya mai turare ya aiko direbansa shagona da riguna shida, ɗinki ya farke, ya ce in gyara, in kuma ƙara musu soso a baya da kafaɗa saboda tsakuwa. Na yi niyyar in ce a mayar masa. Sai na duba shagon, tun safe ba wanda ya shigo. Na gyara, na ƙara soson, ninki biyu.