Dutsen da Baba Bai Ɗauko Ba

Juma'ar da ta wuce, a Masallacin Koudoukou, wani dattijo mai ciwon ƙafa ya ce in miƙo masa dutsen taimama da ke gindin ginshiƙi. Ka san irinsa, ɗan dutsen da ake ajiye wa marasa lafiya da ba sa iya taɓa ruwa, su shafa hannu a kai a madadin alwala. Ina ɗauka na ji tafin hannuna ya san shi. Na juya bayansa, sai ga shuɗin fenti ya kusa gogewa, haruffan ajami guda huɗu, rubutun babana. Bouar aka rubuta, sunan wani gari. Dattijon ya yi taimamarsa ya mayar, ni kuwa har aka sallame ban san me liman ya faɗa a huɗuba ba.

Babana mai gyaran keke ne. Rumfarsa tana gefen Titin Koudoukou, tsakanin wani mai canjin kuɗi da mai sayar da atamfa. Yawancin shekara ba ka bambanta shi da kowane mai faci: hannu baƙi ƙirin da man keke, kwanon ruwa a gaba yana neman inda tub ya huje. Amma da damina ta ɗauke, hanyoyi suka bushe, sai ya rufe rumfa. Ya fito da tsohon kekensa baƙi, ya ɗaura buzu da bargo a kariyar bayan keken, jarkoki biyu na ruwa hagu da dama, ƙaramar tukunya, garin rogo, ƙuli-ƙulin da Inna ta soya tana mita, sai famfo da sifana a cikin wata jakar fata. Daga nan ya kama hanya shi kaɗai, wata guda ko fiye, don ya hau duwatsu.

Yana da dokoki da ba wanda ya sa masa. Ba ya hawa mota ko da direba ya roƙe shi. Ba ya neman masauki a gidan kowa, inda rana ta faɗi nan ne ɗakinsa. Ruwan jarka kuma na sha ne kawai. Saboda haka in ya jingine keke a gindin dutse ya hau da ƙafa har ƙololuwa, sai ya zaɓi dutse mai santsi daidai tafin hannu, ya yi taimama da shi, ya yi raka'a biyu, ya jefa shi cikin aljihu. In ya dawo gida ya rubuta sunan wurin a bayansa da fenti, ya ɗora a kan kanta a ɗakinsa. Akwai na Bouar, akwai na Kaga-Bandoro, akwai na Ndele mai ja-ja. Na farko shi ne na Gbazabangui, tsaunin nan da ake hangowa daga unguwarmu.

To, ka sani a Kilomita Biyar muke, unguwar 'yan kasuwa. Nan in mutum ya yi tafiya, Douala ya je ko Kano ko Njamena, kuma da kaya zai dawo. Babana kuwa sai ya dawo a rame, leɓe a fashe, da dutse ɗaya a aljihu. Yaran unguwa suka raɗa masa suna Baba Tene. A Sango, harshen ƙasar nan, kalmar na nufin dutse, in ka ɗan karkata murya kuma ta zama rigima, su kuwa duka biyun suke nufi. Baffa, yayan babana, mai babban shagon sari a kasuwa, ya fi kowa jin zafin abin. Na taɓa jin sa a zaure yana cewa, "Kai, ka ji tsoron Allah. Magidanci ya rufe sana'a don ya je ya leƙa saman dutse? Me ka ajiye a can?"

Baba ya ce, "Ban ajiye komai ba, Yaya. Gani kawai nake zuwa yi."

Ina ƙarami ban san da wani abin kunya a ciki ba. Ranar dawowarsa ta fi mini ranar salla. Jikinsa na warin hayaƙin itace da gumi da ganyen daji, ya zaunar da ni a cinyarsa, ya sa mini sabon dutsen a hannu yana ba ni labari: yadda birai suka sace masa gari, yadda ya ɗinke taya da zaren buhu ya ci gaba, yadda daga sama ake ganin ruwan sama yana tafiya a wata ƙasa can nesa alhali kai kana bushe. A tsakiyar kantar akwai wani gurbi da ya bari ba komai. Ya ce na Ngaoui ne, dutsen da ya fi kowanne tsayi a ƙasar nan, can kan iyakar Kamaru, kuma ba zai je shi kaɗai ba, sai ƙafata ta kai feda. Shekara biyu ya yi yana haɗa mini keke daga tarkacen da mutane suka yar, ya shafa masa shuɗin fentin nan da yake rubutu da shi.

Kafin ƙafata ta kai feda, kunnena ya riga ya cika. A makaranta sai in buɗe jaka in tarar an zuba mini tsakuwa, ana tambayata nawa muke sayar da kilo. Baffa kuma ya fara ɗaukata shagonsa ranar Asabar, yana ba ni lemo mai sanyi, yana cewa, "Kai kana da hankali. Kada ka bari a ɗora ka a kan hanyar shirme." Ina ɗan shekara goma sha huɗu, na fi son a kira ni ɗan Baffa.

Ranar tafiya Ngaoui, bayan sallar asuba, kekuna biyu na tsaye a ƙofar gida da kayansu. Baba ya sa mini jarka ɗaya kawai don kada nauyi ya yi mini yawa. Maƙwabta sun fito kallo, Baffa na gefe da asawaki a baki, yaran ajinmu uku sun jingina da katanga suna ƙunshe dariya. Baba ya riƙe mini sirdi ya ce in hau. Na dubi yaran nan, na ɗaga murya na ce, "Mbi ye ape." Wato ba na so.

Kada ka ɗauka ƙin ne kaɗai ya yi masa ciwo. A gidanmu ba a yi wa Baba Sango. Da ita yake magana da masu kawo gyara, da ita muke wasa a titi, amma daga zaure zuwa ciki Hausa ce, kuma ban taɓa ƙetare wannan ba. Na zaɓi Sango ne don kowa ya ji, na yi masa magana kamar wani baƙon da ya tare ni a hanya. Ya dube ni, a hankali ya ce, "Faɗa mini da Hausa." Na kasa. Na sunkuyar da kai ina jin dariya a bayana.

Ya kwance kayan ɗaya bayan ɗaya. Inna, wadda ta shekara goma tana mitar tafiyar nan, ita ce ta ce, "Malam, tunda an ɗaura, ka tafi mana kai kaɗai." Ya ce a'a, wancan na mutum biyu ne, sai badi in Allah ya kai mu. Ya rataye kekunan a jikin bangon zaure, ya je ya buɗe rumfarsa.

Badi da bindiga ta zo. Ba sai na ba ka labarin yaƙin da ya auka wa ƙasar nan ba. Aka rufe mu a cikin Kilomita Biyar, mutumin da ya ratsa rabin ƙasa a kan keke ya zama ba ya iya wuce gadar bakin unguwa. Manyan 'yan kasuwar da ke masa dariya suka hau saman manyan motoci suka yi Chadi da Kamaru. Waɗanda suka rage ga rauni, ga ciwo, ga ƙarancin ruwa. Sai aka fara sallama a ƙofarmu. "Malam, a taimaka mana da dutse ɗaya, tsoho ba ya iya alwala." Yanzu ya zama Malam a bakinsu. Ya ba da na Ndele, ya ba da na Kaga-Bandoro, ya ba da na Bouar, kuma ba wanda ya dawo da ko ɗaya. Da Baffa ya kwanta ciwo bayan an wawashe shagonsa, ni ya aika in karɓo masa. Wata huɗu yana shafa dutsen ƙanensa sau biyar a rana, har ya rasu bai ce masa yi haƙuri ba. Allah ya jiƙansa, amma har yau abin na ci mini rai, kuma na san ni ma ban ce ba.

Baba bai daɗe ba bayansa. Ƙafafunsa suka kumbura, ya koma taimama da na Gbazabangui, shi kaɗai ya rage a kantar. Wata rana da la'asar ina riƙe masa dutsen, ya gama shafa fuska, sai ya ce, "In ka je, kada ka ɗauko babba. Hanyar dawowa da nisa." Bai ce in za ka je ba. Na ce to, da Hausa wannan karon, lokacin da ba ta da sauran amfani.

Yanzu taksi-moto nake ja, wato babur na haya, a Titin Koudoukou. Samarin da muke tsayuwa tare sukan nuna mini bidiyo a waya, Turawa a kan kekuna masu tsada da jakunkuna a ɗaure, suna ratsa ƙasashe suna hawa duwatsu. Sai ka ji suna cewa kai, waɗannan mutane akwai zuciya. Wasunsu ƙannen waɗanda suka zuba mini tsakuwa a jaka ne. Sai in miƙa musu wayarsu in tada babur.

Dutsen Bouar na bar shi a masallaci, yana aikin da ya saba. Shuɗin keken yana nan a zaure, tayoyin sun ruɓe, ƙafata ta daɗe da wuce fedarsa. Kowace shekara in damina ta ɗauke sai in tsaya a gabansa in yi lissafin faci da jarka da gari, in tambayi direbobi labarin hanyar Bouar, wadda ake bi zuwa Ngaoui. Wani lokaci su ce da sauƙi, wani lokaci su ce a dakata. Ko sun ce da sauƙi, abu ɗaya nake faɗa wa kaina, shekara da shekaru ke nan: sai badi.